Bayan Kofur

Sati uku takardar nan ta yi a kan teburin falonmu, a ƙarƙashin kwanon da muke zuba makullai. Ba wata doguwar takarda ba ce. Sa hannu kawai ake so, nawa da na uwar yaron. In mun sa, babban ɗanmu zai tafi kwalejin horar da ƙananan sojoji da ke Harrogate, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota daga gidanmu a Leeds. A lokacin shekararsa 16 da 'yan watanni, bai daɗe da gama jarrabawar GCSE ba.

Ga waɗanda ba su zauna a nan ba, Birtaniya ce kaɗai a Turai take ɗaukar ɗan shekara 16 aikin soja. Ba za a kai shi fagen fama ba sai ya cika 18, amma kaki zai sa, bindiga zai riƙe, albashi zai karɓa, kuma dokar soja ce za ta hau kansa. Sharaɗin dai shi ne iyaye su yarda a rubuce. Abin da ya kawo takardar gidanmu ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar da ya zo da maganar daɗi na ji. Shekara biyu muna fama da shi. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, Allah ya tsare. Amma kun san taurin kan yaran da aka haifa a nan: ka faɗi ɗaya ya faɗi uku, ya shige ɗaki ya bugo ƙofa, da asuba kuwa sai an kai ruwa rana kafin ya tashi. Sau biyu ana kirana makaranta a kan faɗa. To da ya ce soja yake so, abin da ya fara zuwa raina shi ne, madalla, can za su gyara shi.

Da daddare na kira Yaya a Zariya na ba shi labari. Ko tsayawa tunani bai yi ba. "Kai dai sa hannu kawai," in ji shi. "Ku da aka hana ku taɓa yara a can, ai ga inda za a taɓa maka shi nan. Wata shida ka ba su, da kansa zai riƙa tashinka sallah." Muka yi ta dariya. Uwargida tana kicin, ashe duk tana jinmu. Da na ajiye wayar ta leƙo, hannunta da kumfar wanke-wanke, ta ce, "Wato wanda zai dakar muku shi kuke nema." Ta koma aikinta. Na buɗe baki zan kare kaina, ban sami abin faɗa ba, don gaskiya ta faɗa. A daren nan barci ya ƙi zuwa, kuma abin da ya yi ta dawo mini a ido shi ne bayan kakana.

Kakana na wajen uba, duk unguwarmu Kofur ake ce masa. Ɗan mazan jiya ne, ya yi yaƙin Bama. Runduna biyu Turawan Ingila suka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa can, ta 81 da ta 82, suka gwabza da Japanawa a dazuzzukan Kaladan da Arakan har zuwa 1945. Sunayen wannan yaƙi suna nan har yau a barikokinmu: Dodan da Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, da barikin Chindit na garinmu Zariya. Muna yara muna faɗin sunayen nan ba mu san daga wata duniya aka ɗauko su ba.

Kofur yana da wani tsohon gwangwanin alewa da yake ajiye lambobinsa na yaƙi. Ranar Sallah yakan fito da su ya goge, ya bar mu jikoki mu taɓa, musamman mai siffar tauraro wadda aka ba waɗanda suka je Bama. Amma akwai wata ɗabi'a tasa da ban lura da ita ba sai daga baya. Duk tsananin zafin bazara, lokacin da tsofaffin unguwa suke zama a gindin darbejiya daga su sai wando, shi ba ya taɓa cire riga. Ko wanka zai shiga, da rigarsa yake shiga, da ita yake fitowa.

Ina da kamar shekara goma ya kwanta ciwon ƙirji. Kakata ta miƙo mini man zafi ta ce in shafa masa a baya. Da na ɗaga rigar sai na ga layi-layi, daga kafaɗa zuwa ƙugu, wasu sun hau kan wasu, sun yi fari-fari sun taso kamar ɗinki. Na ce, "Kaka, me ya same ka?" Ya ce, "Aikin Nasara ne. Shafa ka sauke mini rigata."

A hankali, cikin shekaru, na haɗa labarin. Tun kafin a tafi Bama ne, yana farabiti. An aiko masa uwarsa ba ta da lafiya, ya nemi izini aka hana, ya sulale da daddare ya je ya dubo ta, bai dawo ba sai bayan kwana biyu. Aka yanke masa bulala 12. Aka tara duk kamfaninsu a filin fareti, aka tuɓe masa riga, likita yana tsaye a gefe, Bature yana ƙirga. Wanda ya riƙe bulalar kuwa saje ne, baƙar fata, ɗan wani ƙauye kusa da nasu, wanda ya san uwar tasa.

Kada ku zaci Kofur ya taɓa zagin wannan hukunci. Ko kusa. In maganar ta taso cewa yake, "Da ba a dake ni ba da ban zama mutum ba." Da ya sami igiya biyu a hannun riga, shi ma ya daki kuratan da aka ba shi. Da ya dawo gida ya daki mahaifinmu da bel ɗin soja. Mahaifinmu ya dake mu da wayar wuta, mu ma muka tashi muna faɗin wannan magana tasa kalma da kalma, har muna alfahari da ita a hira. Sai a daren da uwargida ta yi mini maganar nan na tsaya na haɗa abubuwa biyu da na sani tun ina yaro: lambobin yakan nuna wa kowa, bayan kuwa shekara arba'in ya yi yana ɓoye shi, har ga matarsa in da hali. In da gaske bulalar ce ta mai da shi mutum, me ya sa ba ita yake fitarwa ranar Sallah ba?

Daga nan na shiga karance-karance, don ina so in san inda zan kai ɗana. Abin da na fara ganowa shi ne, wannan gardama da muke yi a falo, su Turawan sun yi ta tun kafin a haifi kakan Kofur. A da sojan Ingila da bulala ake tafiyar da shi, kuma ɗaruruwa ake yanke wa mutum. A 1846, a barikin Hounslow da ke gefen Landan, aka yi wa wani farabiti mai suna Frederick White bulala 150 saboda ya kai wa sajensa duka da ƙarfe. Bai cika wata ɗaya ba ya mutu. Likitocin soja suka ce ba bulalar ce ta kashe shi ba. Mai binciken musabbabin mutuwa, Thomas Wakley, wanda shi ma likita ne, ya ƙi yarda, ya sa aka sake duba gawar, masu taya shi yanke hukunci suka ce bulalar ce. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka rage iyakar bulala zuwa 50. A 1868 aka hana ta lokacin zaman lafiya, a 1881 aka soke ta har a fagen yaƙi.

A kowane mataki manyan hafsoshi sun yi ta kashedi cewa in aka ɗauke bulala rundunar za ta watse. Ba ta watse ba. Amma kuma hannun da ya saba duka ba ya hutawa a rana ɗaya. Sai aka ƙirƙiro wani hukunci na fagen fama, inda ake ɗaure soja a jikin turke ko ƙafar keken igwa, har tsawon awa biyu a rana, abokansa suna wucewa suna kallo. An yi amfani da shi sosai a yaƙin duniya na farko, sai a 1923 aka daina.

To ina Kofur a cikin wannan lissafi? Ai dokar 1881 ba ta shafe shi ba. Sojojin Afirka da ke ƙarƙashin tutar Ingila an ci gaba da yi musu bulala bisa doka, sai a 1946 aka soke ta gaba ɗaya, bayan an gama yaƙin da suka ba da jininsu a ciki. Shekara 65 ke nan tsakani. Hujjar hafsoshin mulkin mallaka kuwa ita ce baƙin mutum ba ya gane wani yare sai na jiki, kuma wai shi kansa ya fi son a zane shi a wuce wurin. Da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na ɗan zagaya ɗaki. Don mu ma muna da maganar, har mun mai da ita karin magana: jiki ya fi kunne ji. Hujjar da Bature ya kafa a kan kakana, ita ce Yaya ya kafa a kan ɗana, ni kuma na taya shi dariya.

Amma kada in yi rashin adalci, masu goyon bayan duka ba duka ne marasa tunani ba. Akwai wani dattijo da muke sallar Juma'a tare, tsohon samanja ne a sojan Nijeriya, ya je Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, yanzu gadi yake yi a wani babban kanti. Na tare shi bayan sallah na kawo masa maganar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kai ba ka taɓa kwana a daji ranka yana hannun wani yaro da aka sa gadi ba. In ya yi barci, mutum talatin za a yanka. Ka ce in rubuta masa takarda? In na kai shi gaban kwamanda, za a yanke masa albashi, matarsa da 'ya'yansa su sha wahala, a ɓata masa fayil, ƙarin girma ya wuce shi har abada. In na mare shi na sa shi gwale-gwale na awa ɗaya, kafin magariba an gama, gobe mu ci abinci a kwano ɗaya. Ka tambayi kowane soja wanne ya fi so."

Wallahi maganar ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta. Aikin soja ba aikin ofis ba ne. Ana koya wa mutum ya yi abin da jikinsa yake ƙi: ya tashi lokacin da yake son kwanciya, ya nufi inda harsashi yake fitowa, ya bi umarni kafin ya gama tunani. Wannan ba ya samuwa da lallashi. Kuma na yarda sau da yawa takarda ta fi mari cutarwa.

Sai dai akwai tambayar da na kasa yi masa a ƙofar masallaci, sai da na koma gida ta zo mini: wa yake cewa ya isa haka? Shi samanja mutumin kirki ne, ya san inda zai tsaya. To wanda ba na kirki ba fa? Wanda ya yi faɗa da matarsa da safe, ko wanda ya tsani launin fatar yaron, ko sunansa, ko sallar da yake yi?

Irin wannan hukunci na "mu gama a tsakaninmu" shi ne ya kashe wani soja ɗan shekara 22 daga Wales a barikin Tidworth a watan Yuli na 2006. Ya yi laifuffukan shaye-shaye da rashin ɗa'a. Maimakon a bi doka, sai aka ba da shi a yi masa abin da sojojin nan suke kira da wata kalma da aka ciro daga sunan dabba, mu kuwa gwale-gwale muke cewa. A ɗaya daga ranakun da suka fi zafi a shekarar aka yi ta tafiyar da shi da sauri a fili, aka kai shi ɗakin motsa jiki aka ci gaba. Yana cewa cikinsa yana ciwo, ana ganin iya shege ne. Ya faɗi, zafin jikinsa ya haura digiri 41, ya mutu. An sami ƙwaya a jininsa, wadda ta ƙara dagula lamarin. A 2008 kotu ta wanke mutum uku da aka tuhuma da kisansa. Sai a 2016, bayan uwarsa ta yi shekara goma tana bin kadi, mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar cewa hukuncin haramtacce ne, kuma shugabannin rundunar sun gaza hana shi. Sojan suka ba ta haƙuri. Ba wanda ya ɗaga masa bulala. An dai bar hukunci a hannun mai fushi, ba ma'auni, ba mai cewa a tsaya.

Kafin wannan akwai barikin Deepcut a yankin Surrey, sunan da duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya sani. Tsakanin 1995 da 2002, kurata huɗu aka tsinci gawarsu da harbin bindiga. Ɗaya mace ce 'yar shekara 18, ɗaya ɗan 20, biyu kuwa shekararsu 17. Binciken da lauya Nicholas Blake ya gabatar a 2006 ya sami cin zali da tsangwama a wurin, ga ƙarancin masu kula da matasan. A 2018, da aka sake zama a kan mutuwar na farkonsu, alƙali ya ce shi ya kashe kansa, amma ya tabbatar cewa wani saje ya sha dukansa yana wulaƙanta shi a gaban jama'a. Ita kanta kwalejin Harrogate, a 2018 an gurfanar da wasu malamanta a kotun soja bisa zargin dukan yara a wani sansanin atisaye, amma shari'ar ta rushe, alƙali ya ce binciken 'yan sandan soja cike yake da kurakurai. Ba a kama kowa da laifi ba. Iyayen da suka sa hannu kuwa an bar su da tambayoyinsu.

Ba ina cewa ba a gyara komai ba. An gyara da yawa. Yau a dokar sojan Birtaniya, hafsa ko saje da ya daki na ƙasa da shi laifi ya yi, kotun soja za ta iya ɗaure shi. Ƙananan kurakurai suna da hukuncinsu a rubuce: ƙarin aiki, ƙarin fareti, hana fita. Kwamanda zai iya tsare soja har kwana 28, ko 90 in ya sami izini daga sama, amma sojan yana da ikon cewa a kai shi kotu, yana kuma da ikon ɗaukaka ƙara. Wanda aka yanke wa tsarewa, cibiyar gyaran hali ta Colchester ake kai shi. Bayan Deepcut an kafa ofishi mai zaman kansa na sa ido a kan koke-koken sojoji, kuma hukumar Ofsted mai duba makarantu tana shiga wuraren horo ta ga yadda ake riƙon yara. Duk wannan bai sa sojan ya daina gudu da kaya a baya cikin ruwan sama ba, bai sa saje ya daina tsawa ba.

A nan na gane kuskuren da ni da Yaya da samanja muke yi. Mun haɗa abu biyu mun ba su suna ɗaya. Akwai wahala, akwai wulaƙanci. Wahalar horo kowa yake sha tare, an san dalilinta, an san iyakarta, sau da yawa ma wanda ya ba da umarnin yana gaba yana gudun tare da su. In an gama, mutum yakan ba da labarinta yana dariya. Wulaƙanci kuwa mutum ɗaya ake warewa, a tara jama'a su kalla, kuma iyakarsa ita ce lokacin da zuciyar mai yi ta huce. Kofur ya ba mu labarin tafiyar kwanaki a dajin Bama da kaya a ka, da matsattsaku, da zazzaɓi, da yunwa, sau ɗari ya ba mu, yana kwaikwayon yadda kowa yake tafiya muna dariya. Labarin filin fareti kuwa sai da na yi shekaru ina tsinto shi guntu-guntu.

Kuma abin da aka zuba a bariki ba ya tsayawa a bariki. Mu da muka yi wayo a 1984 mun ga zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari, lokacin da soja yake tsayawa da bulala a kan layin mota, ma'aikacin da ya makara kuma a sa shi tsallen kwaɗo. Na ga wani magidanci sa'an mahaifina, da babbar rigarsa, ya kama kunne yana tsalle a tasha saboda ya shiga gaban layi. Mutane suna tafi. Ni ma na tafa. Wanda ya sa shi kuwa yaro ne da bai fi shekara ashirin ba, abin da aka koya masa yake mayarwa. A nan ma Birtaniya ta ga nata. A watan Satumba na 2003, wani ma'aikacin otal a Basra mai suna Baha Mousa ya mutu a hannun sojojinta, da rauni 93 a jikinsa. Binciken Sir William Gage na 2011 ya nuna an rufe masa kai da buhu, an tilasta masa tsayuwar azaba, abubuwan da gwamnatin ƙasar ta haramta tun 1972. Da na karanta yadda tsayuwar take, gwiwa a lanƙwashe, hannu a miƙe, sai na ga ai na san ta. Mun yi ta a firamare. A ganina, wanda aka koya wa cewa jikin na ƙasa da shi wurin sauke fushi ne, ranar da ya sami wanda ya fi shi rauni ba sai an sake koya masa ba.

Wani abu kuma da na sani tun ina makarantar allo, amma ban taɓa ɗora shi a kan wannan magana ba, shi ne yaƙin Uhudu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan tudu, ya ce kada su bar wurin ko me suka gani. Mafi yawansu suka sauka neman ganima, Khalid bin Walid ya zagayo ta baya da dawakai, aka kashe Musulmi kusan 70, har da Sayyidina Hamza, shi kansa Manzo aka ji masa rauni. Ina saɓa umarnin soja da ya wuce wannan? Amma ba a tara su an zane ba. Abin da ya sauka a Suratu Ali Imrana umarni ne ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawara da su. Nana A'isha kuma ta ba da shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Mutanen nan ne daga baya suka tsaya a gaban Rumawa da Farisa. Ban kawo wannan don in yi fatawa ba, ni ba malami ba ne. Na kawo ne don mu da muke cewa ɗa'a ba ta samuwa sai da duka mu tuna cewa ba daga nan muka gaje ta ba.

A ƙarshen sati na uku na ce wa yaron ya zo mu zaga gari a mota. Na lura yaran nan sun fi buɗe baki in ba ido cikin ido ba ne. Na tambaye shi me yake nema a soja. Ya ce yana son koyon gyaran manyan injuna, ga albashi tun yanzu, ga lasin tuƙi, kuma ya gaji da zaman aji. Na ce shi ke nan? Ya yi shiru har muka wuce danja biyu. Sannan ya ce, da Hausarsa mai gauraye, "Baba, a can doka ɗaya ce ga kowa, kuma a rubuce take. A gida in ranka ya ɓaci sai doka ta canja."

Na san abin da yake nufi. Yana ɗan shekara 14 na taɓa marinsa a gaban ƙannensa, a kan abin da da a ce ranar na dawo aiki da daɗin rai, da faɗa kawai zan yi. Ni na daɗe da mantawa, shi bai manta ba. Ashe ni ina shirin tura shi soja don a dake shi, shi kuma yana shirin tafiya don ya sami inda ba a hukunci da fushi.

Na sami wuri na faka. Na ba shi labarin bayan Kofur, wanda sunansa ya ci, tun daga man zafi har filin fareti. Sannan na yi abin da mahaifina bai taɓa yi mini ba, shi ma nasa bai taɓa yi masa ba: na ce marin nan ban kyauta ba, ya yafe mini. Kalmomin sun yi mini nauyi a baki kamar dutse. Ya kalli taga ya ce, "Ba komai, Baba."

Ban sa hannu ba. Na gaya masa dalilina ba tare da kwana-kwana ba. Wanda ya shiga kafin 18 yana da damar fita kafin ya cika 18 ɗin, amma in ya wuce nan a ɗaure yake har sai ya kai 22, kuma ban ga ɗan shekara 16 da ya san abin da zai so a 22 ba. Biyu daga yaran Deepcut shekara ɗaya kawai suka ba shi. Sannan babban dalilin, niyyata ta farko ba mai kyau ba ce, kuma ba na so wata rana ya waiwaya ya ga kamar korarsa na yi. Na ce in ya cika 18 yana nan a kan bakansa, ba ya bukatar sa hannun kowa, ni zan kai shi da motata, da albarkata.

Ya yi fushi, sati biyu gaisuwa kawai take haɗa mu. Yaya ya ce na zama Bature. Samanja ya girgiza kai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na ce haka ne, amma ai ba a ce a karya shi ba, muka yi dariya muka rabu kowa da ra'ayinsa.

Yanzu yana kwaleji yana koyon kanikanci. Maganar soja ba ta fita daga ransa ba, kullum bayan asuba sai ya fita gudu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, kuma ba wanda yake tashinsa. Na roƙi Yaya ya aiko mini da gwangwanin alewar nan, wani ɗan unguwarmu da ya zo karatu ya taho da shi. Yaron ya zauna a falo ya goge lambobin ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Yana cikin gogewa, bai ɗago kai ba, ya ce, "Baba, da ya je, ya sami maman tasa da rai?"

Na ce ya same ta. Ta ma ƙara shekara shida a duniya.

Ya ce, "To ai da sauƙi." Ya ci gaba da gugarsa.

Watan Maris mai zuwa zai cika 18. Ku sa mana shi a addu'a.